Babi na Shida: Kafa Suna Daga Sangere

Wanda ya baro Jimeta ya haye gadar Binuwai ya miƙi hanyar Girei, ba zai yi wata doguwar tafiya ba zai iso Sangere. Gari ne da jami'a ta raya. Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Yola, a nan take zaune, kuma kusan duk sana'ar da ke bakin titin garin da ɗalibanta ta dogara: masu gidajen haya, masu shayi da indomi, shagunan buga takardu da ɗaure kundin kammala karatu, masu cajin waya, 'yan Keke Napep da ke jigila zuwa Jimeta. A cikin ɗakunan hayar nan akwai samari da ke rera waƙa a waya su tura wa abokai, akwai 'yan mata da ke rubuta labari shafi-shafi da babban yatsa bayan an tashi daga karatun dare. Da yawansu Allah ya ba su baiwa ta gaske. In ka zauna da su kuwa, kuka ɗaya za ka ji: mun yi nisa. Kano ce kasuwar waƙa da littafin Hausa, Legas ce matattarar kuɗi, mu kuma ga mu a bakin iyaka, sai an yini a mota kafin a ga Kano.

Nisan gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma ba shi ne babban abin da ke binne yaran nan ba. Abin da ke binne su shi ne, in an kunna waƙarsu ba a faɗi suna ba, babu mai iya cewa ga mai ita. Muryar an murɗa ta da na'ura har ta koma irin ta kowa, kiɗan fiyanon shi ne wanda kunne ya gaji da ji, kalaman soyayyar kuma an aro su daga bakin wanda ke tashe a Kano a bana. Haka littafin yake: attajirin saurayi mai ji da kai, yarinya 'yar talakawa, gida a Abuja, hutu a Dubai. Mai sauraro ya ji daɗi na ɗan lokaci ya wuce, bai riƙe sunan kowa ba. Maganar wannan babi ke nan: yadda mawaƙi ko marubucin da ba shi da kamfani a bayansa, ba shi da ubangida, zai sa mutane su gane shi, su san abin da za su samu a wurinsa, su dawo suna nemansa da sunansa.

Ba a kanmu aka fara wannan aiki ba. A tsarin dā, makaɗin fada ba ya buƙatar tallata kansa, domin fada ce ke riƙe da sunansa. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne. Sarki ya ba da doki da riga da hatsi, makaɗi ya ba da yabo, darajar wannan tana ɗaga ta wancan. Mamman Shata na cikin waɗanda suka fi nuna cewa ana iya yin suna a wajen wannan inuwa. An haife shi a Musawa a 1923, kuma ba gadon kiɗa ya yi ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikata, amma bai zama mallakin kowa ba. Kalangunsa da amshinsa da muryarsa sun isa shaida; kafin ya buɗe baki an san wanda ke tafe. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, har yau kuma ana kunna shi a tashoshin mota daga Funtuwa zuwa Jimeta.

Sai dai wanda na fi so matashin Sangere ya tsaya ya duba da kyau shi ne Ɗan Maraya Jos, domin shi ma ba a tsakiyar ƙasar Hausa ya tashi ba. Adamu Wayya ne sunansa. An haife shi a Bukuru a 1946, garin haƙar kuza, inda Bahaushe yake ɗaya daga cikin ƙabilu masu yawa da neman abinci ya tara. Iyayensa sun rasu yana ƙarami. Maraicin nan bai ɓoye shi ba, da shi aka san shi, ya kuma haɗa shi da sunan garin da ya zauna. Abin kiɗansa kuntigi ne, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya, gwangwanin kifi da aka rufe da fata. Babu 'yan amshi, babu jerin makaɗa, babu maroƙi mai yi masa kirari. A zamanin da ake auna girman makaɗi da yawan tawagarsa, sai ga mutum ɗaya tilo da abin da zai shige aljihun babbar riga. Sannan ya zaɓi mutanensa. Ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da babu wanda ya taɓa tunanin ya cancanci a ambace shi a rediyo. Ya shiga ɗakin ma'aurata a "Jawabin Aure", ya tsaya wa yarinyar da aka zalunta a "Auren Dole", ya auna zaman mai shi da marar shi a "Mai Akwai da Babu". Sunansa da kayan kiɗansa da jigon waƙoƙinsa duk magana ɗaya suke yi: ga maraya, ga abin kiɗan talaka, ga labarin talaka. Abin da wani zai ɗauka kasawa ce, rashin gata da rashin tawaga da zama a gefe, shi ne ya zame masa tambari har ya rasu a 2015. Da ya ce sai ya tara 'yan amshi goma ya yi irin na Shata, da yau ba mu san shi ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Marubuta sun iso wannan mararraba daga baya. Ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, gasar da aka shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ce ta haife su. Hukuma ta buga, hukuma ta kai makarantu. Daga 1966 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya ci gaba da riƙon wannan ragama. Marubucin wancan lokaci aikinsa ya rubuta, sauran na wasu ne. Da tattalin arzikin Najeriya ya durƙushe a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, sai ƙofar ta rufe. Matasa a Kano da kewaye ba su zauna jiran ta buɗe ba. Suka riƙa tara kuɗinsu suna kai rubutu ƙananan maɗaba'o'i, su raba labari gida biyu ko uku domin cinikin na ɗaya ya buga na biyu, su ɗauki kayansu da kansu su kai wa masu sayar da littattafai a kasuwa. Masana suka laƙaba wa wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, da farko ma da ɗan raini a ciki. Amma a nan ne marubucin Hausa ya fara koyon zama marubuci da mawallafi da ɗan talla a lokaci guda.

Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, littafin ya bazu ƙasar Hausa, daga baya ya zama fim. Shi da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Balaraba Ramat Yakubu da wasu suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, kuma dabarar da suka yi ta cancanci a tuna ta: littafin ɗan ƙungiya yakan ɗauko jerin littattafan sauran 'yan'uwa a cikinsa. Wanda ya sayi ɗaya ya san sunan goma. Ba su da kuɗin talla a jarida, sai suka mayar da kowane littafi allon tallar 'yan'uwansa. Balaraba kuwa, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta tsaya a kan abin da ta sani a jikinta: auren wuri, kishiya, mijin da ya yi watsi da iyali, ilimin 'ya mace. Daga Budurwar Zuciya a 1987 zuwa Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, mai karatu ya san abin da zai tarar in ya ga sunanta a bango. Wannan tsayuwa ce ta sa a 2012 wani kamfani a Indiya, Blaft, ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci. Ba ta sauya labarinta don ta burge na nesa ba. Na nesa ne suka biyo sawu.

A duba sunayen nan ma kawai. Gidan Dabino, Ceɗiyar 'Yan Gurasa. A cikin mawaƙa, Ɗanƙwairo Maradun, Sa'idu Faru, har zuwa na yau, Dauda Kahutu Rarara da Hamisu Breaker Ɗorayi. Unguwanni ne da ƙauyuka da garuruwa, wasu ma ba a san da su ba sai a bakin mai sunan. Babu wanda ya ji kunyar inda ya fito. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga yaro daga Sangere ko Vinikilang ko Jambutu ya raɗa wa kansa laƙabin da mutum dubu ke amsawa a intanet, ya cusa masa lambobi da haruffan da shi kansa sai ya duba kafin ya rubuta, ya kuma yi wani suna a Facebook, wani daban a TikTok, wani a Audiomack. Tsohuwar da ta ji waƙarka a wurin biki ta ce wa jikanta ya nemo mata, me za ta ce masa? Suna ɗaya, wanda baki zai iya furtawa, hannu zai iya rubutawa, a ko'ina shi ne. Wannan ba ya cin ko kwabo, amma an fi yin sakaci da shi.

To me ɗan Adamawa yake da shi wanda Bakano ba shi da shi?

Da farko akwai harshe. A Jimeta Hausa ce harshen kasuwa, a cikin garin Yola Fulatanci ne harshen gida da fada, a harabar jami'a kuma za ka ji Bacama da Kilba da Margi da Higi da Camba da Lunguda suna gaisawa da harsunansu kafin su koma Hausa ko Turanci. Matashin da ya tashi a nan yakan riƙe harshe uku ba tare da ya ɗauke shi wani abu ba. Hausarsa ma tana da nata ɗanɗano, kuma na san akwai masu ƙoƙarin wanke ta tas kafin su shiga situdiyo don kada a yi musu dariya a Kano. Gyaran nahawu a rubutu wajibi ne, ban ce a yi wasa da shi ba. Amma karin harshe da kalmomin gida da baitin Fulatanci da ya faɗo a tsakiyar waƙar Hausa, waɗannan dukiya ce. Su ne za su sa mai sauraro a Sakkwato ya ɗago kai ya ce wannan daga ina?

Sannan akwai kasuwar da ke bayanmu, wadda muka juya wa ƙeya muna hangen yamma. Tun da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, nan ce hedikwatar masarautar Fombina, kuma Garwa da Ngaundare a ƙarƙashinta suke kafin Ingila da Jamus su raba ƙasar a farkon ƙarni na 20. Turawa sun ja layi, amma ba su raba dangi da harshe ba. Garwa a bakin Binuwai take kamar Jimeta, ta kuma fi Kano kusa da mu nesa ba kusa ba. Waƙar Fulatanci ko ta Hausa da aka yi a nan tana da masu jin ta a arewacin Kamaru har Cadi, kuma waya ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Daga wancan ɓangaren iyakar ne ma aka sami misalin da ya fi kowanne kusa da mu. Djaïli Amadou Amal Bafulatana ce 'yar Marwa, an haife ta a 1975, an yi mata aure tana da shekara 17. Littafinta na farko, Walaande, ya fito a 2010 a Kamaru, a kan zaman mata huɗu a gidan miji ɗaya. A 2017 ta fitar da Munyal a wani ƙaramin kamfani a Yawunde. Da Faransanci take rubutu, amma sunayen littattafanta na farko na Fulatanci ne, gidajen da take bayyanawa irin waɗanda ke Yola ne, nasihar da ake yi wa amarya a cikinsu kuwa kowace 'yar Adamawa ta taɓa jin irinta. Munyal ya ci kyautar Orange ta adabin Afirka a 2019, aka sake buga shi a Faransa da sunan Les Impatientes, ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020. Shekara goma tana kan magana ɗaya, daga gari mai nisa da babban birnin ƙasarta, kafin duniya ta waiwayo. Ba lallai kowa ya yarda da duk abin da ta faɗa a kan al'adunmu ba. Amma babu mai musun cewa an san ta da abu, kuma abin nata ne.

Labaran da ke kwance a ƙasar nan ba su da iyaka. A ƙarshen 2014, da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, dubban mutane sun kwararo Yola, wasu a sansanonin Damare da Malkohi, mafi yawa a gidajen 'yan'uwa da ma na waɗanda ba su taɓa sani ba. Akwai ambaliyar 2012 da ta 2022, da fargabar da ke shiga zukatan mazauna bakin kogi duk lokacin da aka ce za a saki ruwan madatsar Lagdo. Akwai masunta, akwai makiyayi da manomi, akwai auren da ya haɗa ƙabila biyu ko addini biyu a gida ɗaya. A tuna, labarin da ya fara cin gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016, "Sansani" na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. 'Yar Sangere da ta ga waɗannan abubuwa da idonta, me zai kai ta ƙirƙiro gidan bene a Maitama da ba ta taɓa shiga ba?

Yanzu mu sauko kan waya, inda cinikin yau yake.

Je ka tsaya a rumfar mai tura waƙoƙi a kowace kasuwa a yankin nan. Tebur ne ɗan ƙarami, kwamfuta a kai, lasifika a gefe tana amo, wayoyin caji sun harɗe. Mai keke ya tsaya, ya zare memori daga wayarsa ya miƙa, ya ce a zuba masa sababbi. Bai ambaci sunan kowa ba. Mai rumfa ya kwashi abin da ke cikin jakar da ya tara ya juye masa, ya karɓi 'yan canjinsa. Daga nan waƙar za ta bi Xender da Bluetooth daga waya zuwa waya, a hanya sunan fayil ɗin ya goge ko a sauya shi, wani lokaci ma a liƙa mata sunan wani shahararre don ta fi shiga. Ko sisi ba zai zo hannunka daga wannan tafiya ba. Abin da kawai za ka iya samu shi ne a san kai ne, shi ma sai in ka sa sunanka a cikin waƙar kanta, inda ba mai iya goge shi. Mawaƙanmu na dā da na yanzu da ke ambaton kansu a cikin baiti ba yabon kai kawai suke yi ba, hatimi suke bugawa. Mai rumfar nan kuma kada ka ɗauke shi abokin gaba. Shi ne gidan rediyon wanda ba shi da data. Ka kai masa waƙarka da hannunka, da sunanta a rubuce daidai, ka gaishe shi da mutunci. Haka masu gabatar da shirye-shirye a Rediyo Gotel da Fombina FM da gidan rediyon jiha, haka masu kiɗan biki. Waƙar da ba a ji ta a kamu da dina a Jimeta ba, da wuya ta fara tashe a Kano.

Marubuta mata sun riga kowa gane yadda za a mayar da waya kasuwa. Tsarin sananne ne: a saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, in labari ya kama mutane sai a ce daga nan na kuɗi ne, mai so ta tura kuɗi ta asusun banki ko katin waya, ta aiko da shaidar biya, a sa ta a rukuni. Wasu sun haɗa kai kamar yadda Raina Kama ta yi, misali Zafafa Biyar, inda marubuta biyar ke fitar da littattafansu tare a ƙarƙashin suna ɗaya. Ciwon tsarin shi ma sananne ne. Kafin gari ya waye wata ta kwafe shafin ta watsa a wasu rukunoni, wani ya ɗauka ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗin talla, shi ya sa za ka ga saman shafi cike da gargaɗi da Allah ya isa. Duk da haka waɗanda suka daɗe a harkar suna ci gaba da samun masu biya, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai karatu tana iya samun na sata gobe, amma tana biya yau don ta amince cewa wannan marubuciya in ta ce shafi zai zo bayan isha'i zai zo, in ta fara labari za ta kai shi ƙarshe, ba za ta karɓi kuɗi ta ɓace a tsakiya ba. Cika alkawari rabin sunan marubucin intanet ne. Ɗalibar da ta san jarrabawa na tafe, gara ta kammala rubuta littafin kafin ta saki shafin farko.

Yawan mabiya kuwa, a yi hattara da shi. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, ko makamancin haka a gajerun bidiyo, kuma mabiyan da aka saya da kuɗi ba sa kallon komai. Dandalin ma ba naka ba ne. An rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka ajiye littattafansu suna sayarwa, ya rufe a Nuwamban 2023. Wanda duk hulɗarsa da masoyansa ta rataya a kan manhaja ɗaya, ranar da ta rufe sai ya koma farko. Mutum ɗari biyu da ka san su, kake da hanyar isa gare su kai tsaye da yardarsu, suka taɓa cire kuɗi suka sayi aikinka, sun fi dubu hamsin da suka danna alama suka wuce. Gaskiya ne "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta game ƙasa a 2020 lokacin kullen korona, da mata suka riƙa ɗora bidiyon rawarta. Amma irin wannan sa'a ba a shirya ta, kuma ta same shi ne yana da waƙoƙi a ƙasa, waɗanda sababbin masoya suka koma suka tarar.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ke jan matasa, kuma dukansu ina roƙon a yi dogon tunani kafin a bi su. Ta farko batsa ce. Tana tara jama'a da sauri, a littafi ko a waƙa, ba na musun wannan. Amma a garuruwanmu mai fasaha ba ya rabuwa da gidansu. Sunan da ka yi shi za a kira ƙannenka da shi, shi za a tuna ranar neman aure, kuma rubutun intanet ba ya gogewa. Ta biyu waƙar siyasa ce. Kakar zaɓe ita ce lokacin da kuɗi ke shiga situdiyo, kuma yabon shugabanni tsohuwar sana'a ce da ba zan aibata ba. Sai dai ɗan takara na shekara huɗu ne, wanda ka zaga dominsa kuma maƙwabcinka ne na har abada. A jiha irin Adamawa, inda siyasa ke saurin taɓa ƙabila da addini, baiti ɗaya na cin mutunci yana iya rufe maka rabin gari. In za ka yi, ka yabi naka ka bar na wani, kuma kada ta zama ita kaɗai aka san ka da ita.

Wannan ba kira ne a zama matsoraci ba. Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, da rubutun littattafai ya fara kafin ya koma waƙa, kuma an san shi da Hausa mai zurfi da jigogin ilimi da halin da al'umma ke ciki. A 2009 an kama shi a Kano aka gurfanar da shi bisa zargin sakin waƙar "Hasbunallahu" ba da izinin Hukumar Tace Finafinai ba, a shekarun da marubuta da 'yan fim ke cikin matsi, bayan an ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a 2007. Ya fito daga wannan da ƙarin daraja a idon mutane, domin abin da aka kama shi a kai ya yi daidai da abin da aka riga aka san shi da shi. Ya kuma kafa taskarsa, Taskar Ala, inda ayyukansa ke fita da sunansa.

Wannan ya kawo mu ga mallaka, inda aka fi cutar masu tasowa. An sha ganin marubuci ya sayar da rubutunsa ɗungurungum ga ɗan kasuwa a kan kuɗin da bai kai na wata guda ba, littafin ya yi ta fita shekara da shekaru. An sha ganin mawaƙi ya ba da waƙa a sa a fim, ta yi tashe, a ƙarshe ya tarar da ita a tashar wani a YouTube, shi kuma in ya ɗora a tasa a sauke. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, tana bayan mai aiki. Haƙƙinka yana tabbata ne tun daga lokacin da ka rubuta ko ka naɗa, ba sai ka yi rajista ba, ko da yake ajiye shaida a Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya yana taimakawa ranar gardama. Rubutu da waƙar da aka tsara suna cikin kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, sautin da aka naɗa kuma shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi. Sannan dokar ta ce miƙa haƙƙi ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Mai buga littafi a takarda kuma ya nemi lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, don littafin ya shiga lissafi da sunansa.

Matsalar ita ce kunya. Yaro ya shiga situdiyo wurin wanda yake kira yaya ko oga, an yi masa ragi, wataƙila ma an ba shi abinci, sai ya ga in ya kawo maganar takarda kamar ya nuna rashin yarda ne. Alhali Alƙur'ani da kansa ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma tsakanin muminai aka yi umarnin. Ba sai an je wurin lauya a kan kowace waƙa ba. Takarda ɗaya ta isa a fara da ita: kiɗan na wa ne bayan an biya, mai kiɗa zai iya sayar wa wani irinsa ko ba zai iya ba, a tashar wa za a ɗora, in kuɗi ya shigo kashi nawa ne na kowa, in kuma fim za a ba wa, aro ne na shekara nawa ko sayarwa ce baki ɗaya. A sa kwanan wata, kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa nasu, kowa ya riƙe kwafi ya kuma ɗauki hotonsa a waya. Kafin ka bar situdiyon ka karɓi asalin sautin, muryarka daban kiɗan daban, ka ajiye a wuri biyu, ɗaya a memorin da ba ya zama cikin wayar da kake yawo da ita.